Ɗan Tankari a Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa sauka unguwar Xiaobei sayen kaya ya san Alhaji Yusuf, in bai san shi da suna ba ya san shi da ƙamshi. Turarensa kan riga shi fitowa daga tashar jirgin ƙasa, ya kuma daɗe a cikin lif bayan shi ya fita. Shekararsa goma sha huɗu a Guangzhou yana rakiyar 'yan kasuwa. Shi ne tarbo su a filin jirgi, shi ne kai su Shahe su ɗebi riguna, a wuce Xintang a zaɓi wandunan jins, sannan ya tsaya a kan kaya har a rufe kwantena. Yaren mutanen ƙasar da ya iya bai taka kara ya karya ba. Ya san gaisuwa, ya san godiya, ya san "laoban" wato maigida, ya san "meyo" wato babu, sauran kuwa da ɗaga murya da nuni yake ƙarasawa. Amma in ka ji shi yana ba baƙo labarin China, sai ka rantse da shi aka yi shawarar gina ta.

Alhajin ma, tsakani da Allah, bai je aikin hajjin ba tukuna. Wani mai shagon takalma ne ya fara kiransa haka, don shi duk baƙin mutum mai hula Alhaji ne a wurinsa. Mutuminka bai yi gardama ba, ya je ya buga a kati da ruwan zinare.

Sunan da aka raɗa masa ran suna Isufu. Ɗan wani masunci ne mai suna Tankari, a wani ƙauye a gaɓar Kwara, can wajen Yawuri. A cikin kwale-kwale ya yi rarrafe, kuma tun bai yi famfara ba ya iya ɗinke taru in ya yage. Yana shekara goma sha bakwai ya zo Kano neman na kansa. Ranar da ya fara shiga Kantin Kwari, wani mai shago ya toshe hanci ya ce, "Wai wa ya shigo mana da kifi ne?" Aka kwashe da dariya. Mai shagon ya manta da maganar tun kafin azahar, shi kuwa Isufu har yau tana nan a maƙogwaronsa. Abin da ya fara saya da guminsa turare ne. Daga nan ya bi harshensa da wanki, ya daina cewa "kihi" da "tahi", ya koyi jan magana irin ta Kanawa har ya fi su. Kafin ya iso Guangzhou ya gama sauya wa mahaifinsa sana'a, ya mai da shi tsohon dillalin atamfa a Fagge da ya ajiye kasuwa yana hutawa.

Wannan ba abin mamaki ba ne a Xiaobei, inda kowa ɗan attajiri ne. Za ka yi shekara a unguwar ba ka ji wanda ya ce ubansa manomi ne ba, har ka rasa wa ke noma geron da ake ci a Arewa. Sai dai Isufu ya ɗara kowa himma. A gidan abinci in an kawo kifi sai ya kau da kai ya ce ƙaiƙayi yake sa shi. Ran Lahadi kuwa, in ya rufe ƙofa ya ja labule, zai soya guda biyu manya, ya cinye har kai, ya tsotse ƙaya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kunna turaren wuta kamar mai korar aljanu.

Wannan ƙaryar ta 'yan kasuwa ce. Akwai kuma wadda ya tanadar wa gida. Satin da ya fara zuwa, Tankari ya tambaye shi a waya ko gaskiya ne ƙasar tana da teku. Tsohon ya ƙare rayuwarsa a kan ruwa, amma bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙetarensa ba, kuma abin yana ransa. Isufu yana zaune a ɗakin da tagarsa ke kallon bangon maƙwabta, in ya miƙa hannu zai taɓa shi, ya buɗe baki ya ce, "Baba, ai ta taga nake ganinsa." Daga nan ƙaryar ta yi ta girma da kanta. Aka samu jirage masu hawa uku, aka samu masunta da suke gaishe shi kowace safiya, aka samu kifin da sai mutum shida suke ɗaga shi. Alhali ko kogin da ya ratsa birnin, yawanci ta ƙarƙashin ƙasa yake ƙetare shi a jirgi, yana gyangyaɗi. Teku kam bai taɓa sa shi a ido ba, sai ta tagar jirgin sama, shi ma in bai yi barci ba.

Ana nan, a farkon watan Yuli, ƙanwarsa Saffana ta turo saƙon murya. Ita ce take kula da tsohon tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta ce idon Baba na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama ma yana bin sa, likita ya ce wata ɗaya ne ko biyu ya rage. Ta ce Baba bai nemi komai ba sai abu ɗaya: a kira shi ta bidiyo, a nuna masa tekun nan ta taga, da jiragen, da masuntan, tun yana ɗan gani.

Isufu ya saurari saƙon sau uku. Sai ya yi abin da ya fi iyawa. Satin farko ya ce ana gyaran taga. Sati na biyu ya ce hazo ya rufe ruwan. Sati na uku bai ce komai ba, ya daina buɗe saƙo. Saffana ta kira shi kai tsaye, ba ta ko tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Yaya, jiya na kawo mai hura, sai da na yi magana ya gane ni. In za ka nuna mai, ka nuna mai. In ba ka nunawa, ka hwaɗa min in san abin da zan ce."

Kunya ta kama shi. Ya je ofishin da suke aika kaya, ya roƙi ma'aikaciyar wurin ta nemo masa garin da yake da teku da masunta. Ta rubuta masa sunan wani tsohon gari, tafiyar awa uku a mota, ta ce ɗaruruwan shekaru ana sana'ar su a wurin. Sunan garin har yau bai iya faɗarsa ba. Ya yi wa Saffana alkawarin ran Asabar da ƙarfe uku na rana, lokacin takwas na safe ke nan a gida.

Da ya kama bakinsa da an rabu lafiya. Amma Isufu ba ya iya riƙe labarin da zai ƙara masa girma. A gidan abinci ya saki zancen cewa zai ɗan leƙa bakin teku ya sha iska, kamar yadda ya saba duk shekara. Hajiya Maijidda tana teburin gefe. Ita ce babbar kwastomarsa, ita take kawo masa rabin matan Kwari da yake rakawa, kuma haifaffiyar Fagge ce ta gaske. Ta sha tambayarsa wane gida ne nasu, yana amsa mata da tari.

"To wallahi da ni za a," in ji ta. "Zuwana goma sha ɗaya ƙasar nan, ban da kasuwa da otal ba abin da na sani. 'Ya'yana har gori suke min."

Ba a ce wa Hajiya Maijidda meyo. Ran Asabar suka kama hanya, shi cikin farar shadda mai aiki har ciki, da takalmi sau-ciki mai sheƙi, ya yi wanka da turare kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Garin tsoho ne da gaske. Lunguna ƙanana shimfiɗe da dutse, gidaje wasu an gina bangonsu da ɓawon kawa, ga wani ɗakin bauta na masu tafiya a ruwa, hayaƙi yana fita ta rufinsa. Ko ina busasshen kifi ne a shanye, a kan faranti, a kan igiya, a bakin ƙofa. Suna sauka daga mota ƙarnin ya tarbe su, turaren Alhaji bai yi minti biyu ba ya sallama. Hajiya ta ja mayafi ta rufe hanci.

"Subhanallahi! Yanzu mutane a cikin wannan suke rayuwa? Su ci, su kwanta?"

"Wallahi Hajiya ni har zuciyata tashi take," in ji Isufu. Yawu ne ya cika masa baki, amma ba na tashin zuciya ba. Ƙamshin tsakar gidansu ne sak, lokacin da mahaifiyarsa take juya kifi a kan banda.

Da suka fita bakin gaɓa sai ya ga abu biyu da bai zata ba. Na farko, jiragen masunta duk suna nan a ɗaure, jere-jere da jajayen tutoci, ba ko ɗaya da ke motsi. Ya tambayi wani mai sayar da rake ta manhajar fassara, wayar ta gaya masa cewa an hana su shiga ruwa na wata uku da ɗoriya don kifi ya hayayyafa, kuma haka ake yi kowace shekara. Masanin China bai taɓa ji ba. Na biyu, babu ruwan. Teku ya janye, ya bar laka baƙa shimfiɗe iya ganinka, ƙananan jirage kwance a kanta ta gefe guda, 'yan ƙaguwa suna ta kai-kawo. Can nesa akwai wani farin layi, wai shi ne tekun. Agogo ya ce uku saura kwata.

Baƙi kuwa ba abin da ya dame su. 'Yan birni ne da lemomi da manyan kyamarori, sun yi da'ira a gaban wani dandamalin katako. A kai akwai mutum sanye da malafa da rigar kaba, yana jefa tarun birgi a kan wani ɗan kududdufi, ana ɗaukarsa hoto ana tafi. Kallo ɗaya Isufu ya yi masa ya san wannan bai taɓa ciyar da iyali da ruwa ba. Birgin da ya kamata ya buɗe ya sauka a zagaye, faɗuwa yake a dunƙule kamar an yar da jiƙaƙƙen zane. Amma ya ce a ransa idon tsoho ya yi rauni, zai wuce. Ya lallaɓa Hajiya ta shiga wani shagon sarƙoƙin lu'ulu'u, shi kuma ya zame ya danna kira.

Fuskar Tankari ta cika wayar. Ya rame, idon hagu ya yi fari fat, Saffana tana riƙe da wayar dab da na dama. Bayan gaisuwa Isufu ya juya kyamara.

"Baba, ga masuncin nan da nake ba ka labari. Abokina ne."

"Ce mai shi sake jehawa."

Ba sai an ce ba, mutumin ya sake jefawa, aka sake tafi. Tsohon ya ƙura ido.

"Isuhu, wanga ko kwaɗo ba shi kamawa. Bar shi. Ina ruwan?"

"Ya ɗan ja baya ne, Baba. Yanzu zai dawo."

"Kai da kaka ganinai ta taga kullum, ba ka san sa'ad da shika janyewa ba, kas sa muna wanga lokaci?"

 Shekara goma sha huɗu Isufu yana gini, tsoho mai rabin ido ya rushe shi da tambaya ɗaya. Ya waiga, sai ga Hajiya ta fito daga shago tana dube-dube. Ya sa kai cikin wani lungu, wayar a hannu, yana ta surutun da shi kansa bai san me yake cewa ba. Lungun ya ɓulle da shi bayan gari, inda baƙi ba sa zuwa. A ƙarƙashin wata rumfar kwano, tsofaffin mata huɗu suna zaune a ƙasa, an baza wani ƙaton koren taru a tsakaninsu, suna ɗinke inda ya yage. Aikin da masunta ke yi ke nan in an hana su shiga ruwa.

"Tsaya!" in ji Tankari. "Mi ne ne wancan kore?"

"Taru ne, Baba."

"Matsa kusa. To, yanzu kaz zo gidan masunta. Gaishe su."

Isufu ya yi gaisuwar da ya iya. Wata tsohuwa mai haƙori biyu ta ɗago ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce wa 'yan'uwanta wani abu, suka tuntsire da dariya.

"Amshi allurar ka kama masu," in ji tsohon. "In gani."

A daidai lokacin Hajiya Maijidda ta bayyana a bakin lungu, da ledar sarƙoƙi a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Isufu ya gan ta, ta gan shi. Babban yatsansa yana kan jan madanni. Abu ne mai sauƙi, ya latsa, anjima ya ce sabis ne ya ɗauke, ya saba. Tsoro ya kama shi, tsoron dariyar nan ta Kwari da ya yi shekara ashirin yana gudu. Sai ya ji muryar Saffana ƙasa-ƙasa, ba da wani dogon zance ba.

"Yaya, don Allah."

Ya jingina wayar da wani bokiti. Ya tattara farar shaddarsa ya zauna daɓas a kan simintin da ɓawon kifi ya manne. Ya miƙa wa tsohuwar hannu. Ta dubi tafin hannun nan mai laushi da zoben azurfa, ta sake dariya, ta ɗora masa allurar roba mai naɗe da zare, irin yadda ake ba mutum abu don a ga iya shirmensa.

Sai ya cire takalmi. Ya cire safa. Ya saƙala idon tarun a babban yatsan ƙafarsa ya ja shi ya miƙe, don ba a ɗinkin taru yana sako-sako. Nan dariyar matan ta tsaya, domin su ma duk ƙafafunsu a waje suke, kowace da taru a yatsa. Ya gyara bakin yagewar da 'yar wuƙa, ya auna ido da yatsu biyu, ya zura, ya zagaya, ya ja. Ƙulli na farko ya ɗan yi masa gardama. Daga na uku hannun ya daina jiran umarninsa. Ashe ƙullin ɗaya ne, na Kwara da na nan, ba wanda ya koya wa wani. Tsohuwar ta matso ta ja ɗinkin da ƙarfi ta ga bai motsa ba, ta buga masa kafaɗa, ta ƙwala wa wasu kira daga cikin gida.

"Kawo abin ga kusa da hannunka," in ji Tankari.

Wata daga cikin matan ta gane nufin, ta ɗauki wayar ta riƙe masa a saitin yatsu. Isufu ya ci gaba da ɗinki, zare yana ƙara. A can gida zakara ya yi cara.

"Tekun ban ganai ba," in ji tsohon a hankali. "Hwari kawai nika gani. Amma ga hannu nan. Har yau ta hagu kaka zagayawa, na yi hwaɗa na gaji." Ya yi 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Shekara goma sha huɗu yarinyar ga tana nuna min hoton wani Alhaji gaban dogon gini, ina cewa Allah shi yi albarka, don kar in ba ta kunya. Yau dai na ga ɗana."

Isufu bai ɗago ba. Hawaye yana ɗiga a kan aikin shaddar, hannun bai tsaya ba. Da ya buɗe baki, ba Bakano ne ya yi magana ba.

"Baba, ka yahe min. Ba ni da taga."

"Na sani tun shekarar hwarko. Wanda ka kwana bakin ruwa ba shi yi mai wanga yawan kirari. Ja zarenka, ka bar ido guda baya."

Cajin wayar Saffana ya ƙare ba da jimawa ba. Bayan kamar awa biyu ruwan ya dawo, ya cika gaɓa, ya ɗaga jiragen da ke kwance, shuɗi har inda ido ya gaza. Isufu ya tsaya ba takalmi yana kallonsa karon farko, ya kira gida sau bakwai, wayar a kashe.

Hajiya Maijidda kuwa ba abin da ya wuce ta, tun daga cire safa har hawaye, duk ta naɗa a waya. A mota ta bar shi ya zauna ya huce, sannan ta gyara mayafi.

"Alhaji Yusuf, tuna min. A Fagge wane layi ne mai kogi?"

Bidiyon ya riga su isa Xiaobei. Kafin Litinin ya zama Sarkin Ruwa, har mai shagon takalman nan ya koyi faɗa. 'Ya'yan attajirai suka yi dariya har da riƙe ciki, waɗanda suka fi kowa ƙyaƙyatawa kuwa su ne waɗanda ba a taɓa jin sunan ƙauyensu ba. Hajiya ba ta sallame shi ba. Ta ce mutumin da ya iya ƙulli haka kayanta ba za su kwance a hanya ba. Sai dai duk zuwanta yanzu shi take aika ya zaɓo mata kifi, a gaban mutane, da ƙarfi. Yana zuwa. Turaren bai rage ko ɗigo ba, katin ma yana nan da ruwan zinarensa, kuma har gobe in baƙo ya kira shi Malam Yusuf sai ya gyara masa.

Idon Tankari ya rufe kafin ƙarshen Agusta. Isufu ya koma garin bayan an buɗe kamun kifi, ya ɗauko bidiyon jirage suna fita da hantsi, amma ba mai kallo. Yanzu tsohon yana wuni a gindin bishiya a bakin Kwara, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya sha labari. Yana cewa tekun China ya gan shi da idonsa, ba wani abu ba ne, laka ce. Amma suna da taru mai kyau, kuma ɗansa Isuhu ne yake gyara musu.

Saffana ta kira ta ce maganar ta zagaye ƙauye, har ana tambayarta ko Yaya zai samo wa wasu irin aikin. Ta ce ko ta gaya wa mutane gaskiya, cewa shi babban ɗan kasuwa ne? Alhaji Yusuf, wanda ba ya yafe wa kowa harafi ɗaya na sunansa, shi ne ya hana ta.

"Bar shi haka nan," ya ce. "Kar ki gyara mai."